Gado da benci na tsakar gida: yadda ake oda, a haɗa, a tsare su daga gara

Darasinmu na wannan fitowa a kan kayan zama da na kwanciya ne na katako, irin waɗanda ake ajiyewa a waje, a ƙarƙashin rumfa ko a tsakar gida: gadon igiya da mutanen ƙasar nan ke kira angarib, da 'yar kujerar nan banbar, da benci, da ɗan tebur.

Wani zai ce me ya haɗa ofishin kariya da aikin kafinta. Ƙasar da muke kwana a kanta ce ta haɗa su. Baƙar ƙasar Gadarif tana tsagewa da rani har hannu ya shige, kuma a cikin tsagar nan kunama da maciji suke fakewa. Idan damina ta sauka, daga watan Yuni zuwa Oktoba, sai ta koma laka mai kama ƙafa, tabarma ta jiƙe tun daga ƙasa. Ga kuma cutar kala-azar, wadda jihar Gadarif tana cikin wuraren da ta fi yawa a Sudan. Ɗan ƙudan da ke kawo ta bai kai sauro girma ba, yana cizo daga magariba zuwa cikin dare, ya fi yawa a watannin zafi kafin ruwa ya sauka, kuma yana son inda dushe da aduwa suke a kan ƙasa mai tsaga. Gado shi kaɗai ba ya hana shi cizo. Amma a kan gado ne ake iya ɗaura gidan sauro mai magani a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa ya zauna har safe, abin da ke da wuya a kan tabarma idan yara suna juyi.

Kayan agajin da aka saba rabawa su ne tabarma, bargo, gidan sauro, jarka, kayan girki da tamfol. Babu gado a ciki. Waɗanda suka baro Khartum tun watan Afrilun 2023, da na Madani a Disambar wannan shekarar, da na Sinja a tsakiyar 2024, kusan kowa da abin da hannu zai iya ɗauka ya fito. Don haka duk gadon da ya shigo gida da kuɗin iyali aka saye shi, kuma kuɗin nan an rage shi ne daga na abinci. Koke iri biyu muka fi ji a teburinmu game da wannan: an biya kuɗi kaya ba su zo ba, ko kuwa sun zo amma ba su yi wata uku ba suka sassauta. Dukansu ana iya kauce musu tun ranar ciniki.

A saya a warware

Shawararmu ita ce ku nemi kayan a warware, ku haɗa a gida. Gadon da aka riga aka saƙa yana cin wuri a mota, mai mota zai caje ku kuɗin wurin, kuma a hanya mai gargada ƙafafunsa ne suke fara karyewa. A warware kuwa itace takwas ne kawai: ƙafa huɗu, dogaye biyu da kafintocin nan ke kira mirig, gajeru biyu na kai da na ƙafa da suke kira wisada, sai igiya. Ɗauri ɗaya ne, amalanken jaki zai kawo na gida uku. Akwai wani dalilin da ba ma son faɗa amma kowa ya san shi. Wanda ya taɓa tashi cikin gaggawa ya san darajar abin da ake kwancewa cikin rabin awa. Ko komawa gida ta zo, ko an canza muku wuri, gadon da ba a buga masa ƙusa ba zai bi ku.

Itacen da za a zaɓa

A nan ne yawancin kuɗi ke salwanta, don haka za mu ɗan tsaya.

Bagaruwa, wadda ake kira sunut a nan, ita ce ta fi dacewa da waje. Tana da nauyi da tauri, gara ba ta cin jan cikinta da sauƙi. Dazuzzukanta na bakin Bahar Azrak an daɗe ana renonsu don katakon da ake shimfiɗa wa layin dogo, kuma abin da ya ɗauki jirgin ƙasa ba zai gaza da mutum ba. Sai dai ku duba launi. Jan ciki shi ne mai ƙarko. Farin gefen da ke kusa da ɓawo ƙwari na cinsa kamar kowane itace. Idan ƙafar gado rabinta fari ne, ku ce a canza.

Dogon yaro, wato nim, yana bin bayanta. Bai kai ta tauri ba, amma ƙwari ba su cika son sa ba, kuma ya fi sauƙin aiki. Maɗaci yana da kyau, tsadarsa ce matsala.

Dushe, wanda ake kira talha, shi ne mafi yawa a kewayenmu kuma mafi araha. Itacen wuta ne da gawayi mai kyau, amma ƙwaron da ke huda itace yana son sa ƙwarai. Za ku ga ƙananan ramuka kamar na allura da gari mai laushi yana zuba a ƙasa. Wasu suna jiƙa shi cikin ruwa na makonni kafin aiki, hakan yana rage ɓarnar. Duk da haka ba mu ba da shawarar a yi mirig da shi ba, domin mirig ne ke ɗaukar nauyin mutum, kuma idan ya karye da dare a kan wanda ke kwance ƙasa kusa da gadon zai faɗi. Araha ba ta ado.

Farin katakon da ake shigowa da shi daga waje, wanda 'yan kasuwa ke kira moski, ba shi da nauyi, ƙusa na shiga cikinsa da sauƙi, ya yi kyau a saman tebur ko benci. Amma abincin gara ne. Idan za a yi amfani da shi, kada ya taɓa ƙasa, kuma sai an yi masa fenti ta kowace fuska.

Ko wane iri ne, ya zama busasshe. Ɗanyen itace yana tsukewa idan ya bushe, kuma a faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Shi ya sa kan da ya shiga rami daram ranar saye, bayan wata ɗaya a zafin nan sai ya riƙa rawa a ciki. Ku ɗaga guda biyu masu girma ɗaya, wanda ya fi nauyi sosai ɗanye ne. Ku buga su da juna: busasshe yana ƙara a sarari, ɗanye yana amo a dushe. Ku taɓa inda aka yanka, idan da sanyi ko danshi a bar shi. Ku kuma ɗora ido a kan mirig daga wannan kai zuwa wancan ku ga ko ya miƙe. Babban kulli a tsakiyar mirig wurin karyewa ne.

Kada ku shiga daji ku sara da kanku. Gandun daji yana ƙarƙashin hukumar gandun daji ta ƙasa, wadda aka kafa a 1989, kuma sara ba izini laifi ne da ake kama mutum a kansa. Bayan doka ma akwai maƙwabtaka. Dakwara, wato hashab, ƙaronta abin sayarwa ne, kuma kowace tana da mai ita ko da ba ku ga shinge ba. Aduwa ana cin 'ya'yanta. Mutanen garin nan sun karɓe mu, rigimar itace ɗaya tana iya ɓata zaman unguwa guda. Kada kuma a tura mata ko yara su kaɗai neman sanda ko kaba nesa da gari.

Ranar ciniki

Ku je da awo a rubuce. Gadon babban mutum tsawonsa kamar santimita 190, faɗinsa 90. Ku auna ƙofar ɗakinku tukuna, domin da damina ciki za a shigar da shi. Tsayin da ya fi daɗi ga yawancin mutane shi ne 45 zuwa 50 daga ƙasa. Benci ma 45. Tebur na zama a kujera 75. Ga tsoho ko mai ciwon gwiwa, ku zaunar da shi a kan wani abu ku nemo tsayin da tafin ƙafarsa ke taka ƙasa sosai gwiwarsa ba ta ɗago sama da ƙugu ba, ku auna wannan. Gado mai gajarta yana hana tsoho tashi da kansa, mai tsawo kuma yana kayar da shi da dare.

Ku roƙi kafinta ya haɗa kayan a gabanku, ba igiya, ku girgiza ku gani, sannan ya warware. Kafin ya warware ya sa lamba a kowane kai da raminsa: 1 da 1, 2 da 2, har takwas. Da hannu ake fafe ramukan nan, babu biyu da suka zo daidai, kuma wanda ya isa gida ba lamba zai yini yana gwaji.

A rubuta yarjejeniya ko a bayan kwali ne: irin itace, awo, adadin guda, jimlar kuɗi, abin da aka bayar kafin alƙalami, wanda a nan ake kira arbun, da ranar karɓa. Shaida ɗaya daga ɓangarenku, ɗaya daga nasa. Kada kafin alƙalami ya wuce kuɗin itacen, cikon sai kaya sun shigo hannu. Idan ta Bankak kuka biya, ku ajiye lambar turawar, kada ku dogara da hoton allo kawai. Farashi kuwa yana canzawa kusan kowane mako, don haka ku tambayi masu sana'a uku kafin ku tsayar. Gida huɗu ko biyar idan suka haɗa oda suna samun ragi, kuɗin mota ma ya rabu, amma mutum biyu su riƙe kuɗin, ba ɗaya ba. A yi odar kafin ruwa ya sauka. Da zarar hanya ta jiƙe mota tana iya kwana uku a laka da kayanku a kai.

Abu biyu muke roƙo da babbar murya. Na farko, katin rajistarku ko katin karɓar abinci ba jingina ba ne. Kada ku ba kowa shi a madadin bashin gado, ko kafinta ne ko ɗan kasuwa ko dillali. Wanda ya riƙe katinku ya riƙe abincin 'ya'yanku. Na biyu, duk wanda ya zo ya ce wata ƙungiya za ta raba gadaje, a ba shi kuɗin rubuta suna, ƙarya yake yi. Agaji kyauta ne tun daga rajista har zuwa karɓa. Wanda ya nemi kuɗi, ko ya nemi wani abu daga mace ko yarinya don ya sa sunanta, ku sanar da teburin kariya. Ba za a bayyana sunan mai ƙara ba.

Haɗawa

A nemi wuri mai laushi daidai, mutum biyu. A fara da gajerun: wisadar kai ta shiga ƙafa biyu, ta ƙafa ta shiga sauran biyun. Sannan a sa mirig biyu a ɓangare ɗaya, a kawo ɗaya ɓangaren a tura su tare. Kada a buga ƙafa da guduma kai tsaye, a ɗora guntun katako a buga a kansa. Idan kai ya ƙi shiga, a kankare shi kaɗan da wuƙa, kada a tilasta, ƙafar za ta tsage. Idan ya yi sako-sako, a fere siririn busasshen itace a cusa a gefensa. Ƙusa ba ta da aiki a angarib. Igiya ce ke jawo sassansa ta riƙe su.

Kafin igiya akwai gwajin da mutane ke tsallakewa. A ɗauki zare a auna daga ƙafar kai ta dama zuwa ƙafar ƙasa ta hagu, sannan a auna ɗaya giciyen. Idan tsawon biyun ya zo ɗaya, gadon ya daidaita. Idan ɗaya ya fi, a tura kusurwoyinsa ciki har su zo ɗaya. Gadon da aka saƙa a karkace haka zai zauna, ƙafa ɗaya tana lilo.

Saƙar kanta ba a koyon ta a takarda, amma ga tsarinta don ku gane abin da ake yi. Ana fara naɗa igiya sau da yawa tsakanin mirig biyu, kamar kamu ɗaya daga wisadar ƙafa. Saƙar tana cike filin da ke tsakanin wannan naɗi da wisadar kai, ana ja daga kusurwa zuwa kusurwa, zare uku ko huɗu a tare, wani ta sama wani ta ƙasa. Filin da aka bari a ƙafa nan ake zarga wata igiya daban, ta je ta dawo tsakanin naɗin da wisada. Ita ake kira kurrab, kuma ita ce sirrin gadon. Idan ya lotsa ba sai an sake saƙa ba, a kwance kurrab a ja shi sashe sashe a ɗaure. Sabuwar igiya tana miƙewa, don haka a ja bayan kwana uku, a sake ja bayan mako biyu. A kusan kowane rukuni akwai dattijon da ya iya saƙa. Ku biya shi ladansa, ku sa matasa biyu su zauna kusa da shi.

Igiyar kaba ta fi sanyi a jiki, amma ruwa na ruɓar da ita. Ta roba ba ruwanta da ruwa, rana ce ke cinye ta har ta riƙa marmashewa, don haka gadon roba inuwa yake so da rana.

Benci da tebur da suka zo da noti, dokarsu ɗaya ce: a sa duk notin a sassauce, a duba giciye kamar na gado, sannan a ɗaure ɗaya bayan ɗaya. Kowane noti da washarsa, in ba haka ba zai nutse cikin katako. Bayan mako biyu a sake bi da sifana. Benci mai tsawo yana bukatar sanda a karkace tsakanin ƙafa da wurin zama, ita ke hana shi rangaji. Idan dole a buga ƙusa kusa da bakin katako, a fara huda rami, musamman a bagaruwa. In babu abin huji, a dakushe tsinin ƙusar da guduma, hakan yana rage tsagewa. Ƙusa mai murɗi idan aka goga mata sabulu tana shiga da sauƙi.

Shafawa

A goge da samfefa mai kaushi sannan mai laushi, ana bin tsawon itace, a kashe kaifin kusurwoyi saboda goshin yara. A yi shafa a inuwa da sassafe, ranar da babu iska, in ba haka ba ƙura za ta manne. Ga gado, a shafa kafin a saƙa.

Mutane suna son warnish saboda sheƙi, amma ranar nan tana fasa shi ya riƙa ɓarewa, sai ruwa ya shige ƙarƙashi. A ganinmu kuɗinsa ya fi amfani a fentin mai, launi mai haske, shafi biyu marasa kauri, a bar kwana ɗaya tsakani. Inda aka yanke itace, wato ƙasan ƙafafu da kawunan katako, nan ne yake shan ruwa, a ba shi shafi uku. A shafa ƙarƙashin benci ma, ko da ba a ganinsa. Wanda ya sami man kittan na kafintoci zai iya shafa shi, ya goge abin da bai shige ba bayan rabin awa. Tsummokin wannan mai idan aka dunƙule su aka jefar suna iya yin zafi su kama wuta da kansu, don haka a baza su a fili su bushe ko a jefa su cikin ruwa. Man riɗi da man gyaɗa ba sa bushewa, ƙura da tururuwa kawai suke jawowa, a bar su a tukunya.

Baƙin man mota da aka juye, mun san ana shafa shi don gara. A gindin ginshiƙin rumfa da za a binne wannan wata magana ce, ko da yake babbaka gindin da wuta har ya yi baƙi ya fi tsabta. A gado ko benci kuwa kada a sa shi. Yana da guba, fata na taɓa shi dare duka, jarirai kuma suna tsotsar bakin gado. Kada a tsinka fenti da fetur, kada a buɗe gwangwani kusa da murhu. Gidajenmu na ciyawa ne da tamfol, a jere kusa da juna.

Gara da kuɗin cizo

Gara daga ƙasa take hawowa. A ɗora kowace ƙafa a kan faffaɗan dutse ko jan bulo, kuma duwatsu ba su yi mana wuya a Ƙala'at an-Nahal ba. A riƙa matsar da gado ana share ƙarƙashinsa, kada ya jingina da dangar kara. Duk safiyar da kuka ga siririn ginin ƙasa yana hawa ƙafa, a kankare nan take a fitar da gadon rana. Da damina a shigar da shi ciki ko a jingine shi a tsaye ƙarƙashin rumfa, kada a naɗe shi ruf da leda, gumi zai ruɓar da shi. Idan hadari ya taso da iska, a kwantar da benci da tebur. Guguwar farkon damina ta 2021 ta rushe matsugunai da yawa a Um Rakuba da Tunaidba, kuma iskar da ta ɗaga tanti za ta ɗaga katako.

Kuɗin cizo yana ɓuya a ramukan haɗi da cikin igiya. Maganinsa tafasasshen ruwa a zuba a ramukan, yara suna nesa, sannan gado ya yini a rana, a maimaita bayan mako guda saboda ƙwai. Kada a fesa maganin gona a kan abin kwanciya. Ƙwayar nan da ake sa wa cikin buhunan dawa don ƙwari, kada ta shiga ɗakin kwana ko kusa da shi. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum cikin barci, kuma yara take fara ɗauka.

Jariri ba a barin sa shi kaɗai a kan angarib, musamman ta wajen kurrab inda akwai fili da kai ko ƙafa za su iya zurmawa. A juya wannan ɓangaren a rufe shi da tabarma. Idan za a yi wa gadon yaro shinge, tazarar sanduna kada ta wuce santimita 6. Ragowar igiya a yanke ta, kada a bar ta tana reto.

Iyalin da ke da tsoho wanda ba ya iya tashi daga ƙasa, ko mai naƙasa, ko mace mai tsohon ciki da ke kwana a tabarma, su zo teburin kariya su faɗa, ko su aiko wani da katin rajista. Ba mu yi alkawarin gado ba. Za mu rubuta bukatar mu miƙa ta ga masu kula da masu bukata ta musamman, kuma akwai mai fassara da Hausa a wurin.